Safiyar da Motar Likitocin Ido Ta Bar Inna

Salamar Yesu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ni ne Yakubu, daga wajen Unguwar Hajji. Karatuna aji huɗu ne, ban iya ƙawata magana ba. Ƙanena Ɗanladi ya cuce ni. Ya tafi da kekena ranar da zan kai uwarmu a buɗe mata ido. Shekara goma sha ɗaya ban yi masa magana ba.

Shekarar canjin kuɗi ce. Yanar ido ta rufe idon Inna duka biyu. Mai bisharanmu ya rubuta sunanta, ya ce motar likitocin ido za ta tsaya a tashar Ƙaraye ranar Laraba, ƙarfe takwas ta kwashi mutane zuwa Kano. Sau ɗaya suke zuwa a shekara.

Lokacin matata Saratu ta haifi mace, muka sa mata sunan Inna, muna kiranta Uwani. Kullum Inna tana shafa fuskar jaririyar da yatsu tana cewa, "Hancin nan na sani, na ubanku ne. Sauran nake so in gani. Ranar da aka kwance mini ido, kada kowa ya tsaya a gabana sai takwarata."

Talata da yamma Ɗanladi ya ce, "Yaya, ara mini keke in leƙa biki, kafin rana ta faɗi na dawo." Bai dawo ba. Burkutu ta kwantar da shi a can.

Tun asuba Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take ajiyewa don Kirsimeti, ta zauna a kan turmi tana jira. Da ta ji motsi sai ta ce, "Shi ne?" Ba shi ba ne. A ƙarshe jakin maƙwabcinmu Malam Sule na ɗora ta, rana ta riga ta hau kan dawa.

Wayyo hanyar nan! An kwana ana ruwa. Jaki ya kai bakin rafi ya kafe, na ja, na tura, na doka. Takalmin Inna ya faɗa laka, na koma nema. Ga gaisuwa! Duk wanda muka gamu da shi sai ya durƙusa: "Ina kwana, Inna? Yaya jiki? Yaya ruwa?" Ita kuwa ba ta yanke gaisuwa, sai ta tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Raina ya ɓaci, na daka mata tsawa, "Inna, gaisuwa ce za ta buɗe miki ido?"

Har Ƙaraye ba ta ƙara tsayawa gaisuwa ba.

Muna isa mai shayi ya ce, "Ai yanzun nan ta tashi. Sun kira sunan wata Jummai har sau uku." Sunan Inna ke nan. Ga sawun taya a ƙasa, ruwa bai ma gama cika shi ba. Inna ta laluba ta kama hannuna, ta ce, "Ba komai, Yakubu. Baɗi."

Ba ta kai baɗi ba. Kafin a gama yankan dawa muka binne ta. Ba ta taɓa ganin Uwani ba.

'Yan'uwa, daga nan na zama wani abu. Ɗanladi ya bar giya, ya turo dattawa sau uku, na kore su. A majami'a in ya zauna dama, ni hagu. Na daina cin Jibin Ubangiji. In ana addu'a aka zo wurin yafe wa masu yi mana laifi, sai in rufe bakina. Uwani tana girma, fuskar Inna tana fitowa a tata, ni kuwa in na kalle ta sai ƙirjina ya yi zafi. Da ma a maido mini da safiyar nan! Da ma!

A daminar bara ina ba wani baƙo labarin, kamar kullum. Da ya tafi Saratu ta ajiye tsintsiya ta ce, "Baban Uwani, shekara da shekaru keke, keke. Jakin fa? Ina tsaye a wurin."

Ta faɗi abin da nake tsallakewa. Tun gari bai gama wayewa ba Malam Sule ya tsaya a ƙofarmu ya ce, "Yakubu, ga jaki, ɗora tsohuwa ku kama hanya." Na ce, "Ni in shiga Ƙaraye da uwata a kan jaki kamar buhun gyaɗa? Keke na zuwa." Na tsaya ina leƙen hanya har rana ta fito. Da na karɓa tun lokacin, da mu za mu jira mota, har da gaisuwar Inna duka.

Na tafi gona na durƙusa cikin kunya, na yi kuka kamar yaro. Na ce, "Yesu, girman kaina ne, na ɗora wa ƙanena kayan duka don kada in ɗauki nawa. Ka yafe mini tsawar da na yi mata." Ban ji wata murya ba. Amma dutsen da ke ƙirjina ya sauka. Halleluya!

Har yau ina kewar Inna, wannan bai tafi ba. Sai dai na gaskata inda take idonta a buɗe yake. Godiya ga Yesu! Mai riƙe da ɗan'uwansa a zuci, ka dogara ga Yesu, kada ka kai shekara goma sha ɗaya irina.

Ranar nan daga gonar, gidan Ɗanladi na nufa. Yana facin taya a zaure, ya gan ni ya miƙe, ya ce, "Yaya..."

Na ce, "Zauna. Ka cuce ni, ba zan ce ba ka cuce ni ba. Amma kai giya ta riƙe ka, ni ido biyu na ƙi jaki. Mu biyu muka makarar da ita. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Ɗauko fartanya, ciyawa ta rufe kabarin Inna."