Madubin da Na Cire

Ina gaishe ku 'yan'uwana cikin sunan Yesu Kiristi Mai Cetonmu. Ku yabi Ubangiji!

Sunana Bitrus, ɗan acaba ne ni a nan Tudun Wada. Kun saba ganina da wannan ɗingishin, amma ba kowa ya san inda na samo shi ba. Kishi ne ya ba ni.

Bara waccan na fara acaba. Ko giya ban gama iya canjawa ba, samarin tasharmu suka ce, "Oga, madubi ai na mata ne, cire shi." Na cire duka biyun. Na kai wa mai walda ya matse mini kan mashin don in riƙa kutsawa tsakanin motoci, na ɗaura ham irin na tirela. In na danna, tsofaffi har tsalle suke yi, ni kuwa ina dariya.

Lokacin matata Rifkatu tana da cikin fari. Ranar awo na goge mashin tas, na ce ta hau. Ta dubi mashin, ta dube ni, ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri, Baba Gyang zai kai ni."

Baba Gyang! Dattijo ne maƙwabcinmu, shi ma acabar yake yi da wani tsohon mashin mai tari. Kunkuru muke ce masa. In ya ga rami, sai ka ce zai tsaya su gaisa kafin ya wuce. Wai shi matata ta amince da shi, ni mai sabon mashin aka bar ni tsaye da tsumma a hannu.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci mini rai. Na daina gaishe shi. A tasha ana ta mini tsiya: "Bitrus, ko madam ɗinka ba ta hawa naka!" In na ga matan kasuwa sun tsaya jiransa, ranar abinci ba ya mini daɗi. A cikin majami'ar nan, in shi ke addu'a, ba na cewa amin.

Wata Talata suka tafi awo, na bi bayansu. Na ce yau sai ta ga wanda ya iya tuƙi. A Titin Bauchi na murɗa wuta, na wuce su fuu, na yanko gabansu. Ina so in ga fuskarta, ga shi ba madubi. Sai na waiga.

Ashe bas ta tsaya a gabana tana sauke fasinja.

Na daki bayanta, na zube a kan kwalta, daidai inda Baba Gyang zai bi. Ƙafa ta karye, amma ba ta ita nake ba. Mashin ɗinsa nake gani yana tahowa da matata a kai. In ya taka birki da ƙarfi, ta faɗo da tsohon ciki. In ya kauce, ga tifa a gefe. Na yi ihu, "Yesu, ni ne mai laifi, ka ceci abin da ke cikinta!"

Mashin ya tsaya a hankali dab da ni. Rifkatu ko zamewa ba ta yi ba. Halleluya!

A asibiti na tambayi Baba Gyang yadda aka yi. Ya ce, "Ɗana, tun daga Tudun Wada nake ganinka a madubi. Da na ga ka taho a guje, na rage wuta na ba ka wuri."

Madubin da na ce na mata ne! Na fashe da kuka, na roƙe shi gafara. Ya riƙe hannuna muka yi addu'a, na ce wa Ubangiji ya cire mini wannan kishin. Ranar na ce amin da ƙarfi.

Da na warke na mayar da madubaina, na gyara kan mashin, na sayi hular kwano. Duk da haka Rifkatu ba ta hau ba, ni ma ban matsa mata ba.

Yau da safe Baba Gyang ya tsaya a ƙofarmu kamar kullum. Ta fito goye da 'yarmu, ta ce, "Baba, na gode, yau maigida zai kai mu." Ga su can zaune cikin zumuntar mata. Mun makara kaɗan, don a hankali na taho.

Godiya ta tabbata ga Allah! 'Yan'uwa, duk mai ɗauke da irin kayan da na ɗauka, ya kai wa Yesu tun bai kai shi kwalta ba. Ku dogara gare shi. Amin.