Allurar da Ban Yi Ba

Cikin sunan Yesu nake gaishe ku, mata 'yan'uwana. Kun san ni da baki, amma yau da ƙyar nake ɗaga ido in dube ku.

Lokacin da aka kawo allurar korona nan Jega, ɗiyata Hannatu, mai koyarwa a Maiyama, ta matsa mini in je. Ni kuwa 'ya'ya bakwai na haifa a ɗaki, ban ga wanda zai soka mini ƙarfe da tsufana ba. Na ce mata to. Na tahi asibiti, na leƙa layi, na zarce kasuwa na sayo albasar Aliero. Da na dawo sai na riƙe damtse ina yamutsa fuska. Har ruwa Hannatu ta dafa ta gasa mini wurin. Ta tambayi katin allurar, na ce ya faɗi a hanya.

Bayan watanni ciwon ya kama ni, aka gwada aka ce shi ne. Zazzaɓin ya wuce, jikina bai dawo ba. Daga Sabon Gari zuwa coci sai na zauna sau uku. In jefa daddawa a miya, ba na jin ƙamshinta. Ni da ke ba da waƙa a zumuntar mata, baiti ɗaya numfashi ya yanke. In ɗauko labari, a tsakiya sunan mutum ya ɓace mini.

Wannan duk na jure. Sai Hannatu, cikin ɓacin rai, ta shiga gaya wa mutane allurar banza ce, ga uwarta ta yi, ga yadda ta koma. A ɗakin nan aka maimaita maganar, ina zaune, ban ƙaryata ba. Maryamu, wadda kuka sani da ciwon suga, ta dafa ni ta ce, "Mama, tunda ke ma ba ta tsare ki ba, ni na fasa."

Washegari na durƙusa roƙon warkarwa, bakina ya ƙi. Abin da ya fito kawai shi ne, Ubangiji, ni maƙaryaciya ce, kada ka bar Maryamu ta mutu a kan girman kaina. Na yi kuka har zanina ya jiƙe.

Na kira Hannatu na gaya mata. Ta ce, "To Mama, me na gasa?"

Da ƙafata na tahi gidan Maryamu, sa'ar ɗiyata, na roƙi gafara. Muka je asibiti tare. Ma'aikaciyar ta ce allurar ba ta hana ciwon gaba ɗaya, amma wanda ya yi kafin ya kamu, sau da yawa ya fi tsira daga wannan doguwar wahala. Irina da ta riga ta same su, wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa gani, ba za ta yi mini alkawari ba. Aka yi wa Maryamu, aka yi mini.

Yau na iso nan ban zauna a hanya ba. Ko allura ce, ko lokaci ne, ban sani ba, hannun Ubangiji dai na gani. Hancina har yanzu bai buɗe ba.

Duk wadda ta fasa saboda ni, ta yafe mini, ta je ta tambayi masu aikin. Na gode wa Yesu da ya karɓe ni da kunyata. Ku dogara gare shi, ba ya korar mai faɗin gaskiya. Amin.