Ruwan Alwala a Hanyar Musawa

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta kasance tare da ku duka.

Sunana Ayuba, amma dattawan da ke benci na gaba sun fi sanina da Ayuba Mai Keke. Tela ne ni a nan Funtuwa, sai dai a ƙuruciyata keken hawa ya fi keken ɗinki cin lokacina. Na je Gusau a kansa, na je Kano, na leƙa har Kafanchan, ba don wata sana'a ba, son hanya kawai. Ban taɓa ɗaukar guzuri ba. Me zan yi da shi? Kowane ƙauye akwai randa a gindin itace da moɗa a kanta, an ajiye domin matafiyi, ga Fulani masu fura da nono a bakin titi.

Da bazarar wata shekara, wajen ƙarshen shekarun tamanin, saƙo ya zo cewa mahaifiyata ba ta da lafiya a ƙauyenmu, can gaba da Musawa, tana son ganin takwararta. Takwarar ita ce 'yata Saratu, wadda muke kira Iya, lokacin ba ta daɗe da yaye ba. Uwarta tana da tsohon ciki, ba ta iya tafiya. Na ɗaure kwando a bayan keke, na shimfiɗa zane, na zaunar da Iya. Matata ta biyo ni da gorar ruwa, na ce ta bar ta, nauyi ne kawai.

Na san Musulmi suna azumi, 'yan'uwa. Amma a unguwarmu kullum ana dafa abinci, shi ya sa ban kawo a raina cewa a ƙauyuka ba haka abin yake ba.

Mun sha ruwa a Malumfashi, na ratse ta hanyar daji don in yanke nisa. Randar farko da na tarar, a kife take. Ta gaba ma a kife. Wa zai cika randa da rana alhali duk gari ba mai sha? Masu fura kuwa sai yamma suke fitowa. Na ce bari in ƙara taka keke, ai ba za a rasa ba.

Rana ta take tsaka, sai ƙaya ta fasa mini tayar baya. Na ciro tif ɗin da ke cikin tayar, ina da faci, ina da gam, amma ba ruwan da zan tsoma shi in ga inda iska ke fita. Na so in shafa yawu, bakina ya bushe ƙaƙas.

Da farko Iya tana kuka, tana cewa, "Baba, ruwa." Daga baya ta yi shiru. Wayyo, wannan shirun! Na taɓa ta, jikinta zafi kamar murhu, ba ko ɗigon gumi. Idanunta sun juye, wuyanta ya langaɓe.

Na ɗauke ta na ruga gaba, ba gida. Na dawo baya, ba gida. Gonaki ne fetal an share su ana jiran damina. Na yi ihu har muryata ta dushe, ba wanda ya amsa. Ni da nake taƙama ba hanyar da ta gagare ni, ga ni rungume da 'yata tana mutuwa, ba abin da zan iya yi mata.

Na durƙusa a 'yar inuwar wata aduwa. Ba doguwar addu'a na yi ba, ba ni da bakin yin ta. Na ce, "Yesu, ba ni da komai. Ko cokali guda ne, ka aiko mata." Ina ta maimaitawa, ina kuka ba hawaye.

Sai na ji an yi sallama a kaina. Wani tsoho ne da gatari a kafaɗa, ya fito daga sharar gona, riƙe da 'yar butar ƙarfe. Leɓunansa sun tsattsage, kana gani ka san mai azumi ne.

Ya dubi Iya, ya ce, "Subhanallahi! Miƙo ta nan, ɗana."

Bai ɗura mata ba. Ya riƙa ɗiga mata kaɗan-kaɗan daga bakin butar, ya jiƙa hularsa ya ɗora mata a ka, yana yi mata fifita da hannun riga. Can na ga maƙogwaronta ya motsa. Can ta yi tari, ta fashe da kuka. Halleluya! Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Ya miƙo mini ɗan abin da ya rage. Na ce, "Baba, kana azumi, in sha a gabanka?"

Ya ce, "Ni aka ɗora wa, ba kai ba. Shanye, kai za ka goya ta."

Sai da na shanye na gane ko wane ruwa ne. Na alwalar azahar ɗinsa ne, wanda ya ɗauko tun safe daga gida. Ina kallo ya matsa gefe, ya buga tafukansa a ƙasa mai zafi, ya shafa fuska da hannuwa, ya tayar da salla. Ni kuma ina bayansa a durƙushe, ina gode wa Yesu.

Shi ya tura keken, ni na goya Iya, har gidansa. Matarsa ta dama mata kunun tsamiya tun kafin lokacin shan ruwa, maƙwabcinsa ya yi mini faci. Washegari muka isa ƙauyenmu, mahaifiyata ta ɗora takwararta a cinya ta sa mata albarka. Sunan tsohon Malam Isiyaku, bai ko tambayi sunana ba.

Iya, tashi su gan ki. Ga ta can, da goyonta a baya.

Na gode wa Ubangiji da ya ji ni ranar da ba ni da ko yawun kiransa. Ɗan'uwa, in ka kai inda dabararka ta ƙare, kira shi, ya san wanda zai aiko. Randar da kuke gani a ƙofar shagona, tun daga waccan shekarar ba ta taɓa kwana a kife ba. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin!