Bakin da Zarto Ya Ci

A rumfar masu katako na ji su, wani tsohon kafinta da wani mai kwalekwale riƙe da wani guntun katako mai falle-falle.

"Baba, don Allah duba mini. Ragowar wanda na yi wa jirgina gindi ne. An ce na ruwa ne, ga shi ya kumbura."

"An ce maka. Ka dafa shi?"

"Dafawa kuma? Katako ne fa, ba nama ba."

"Guntu ake jefawa a tafasasshen ruwa. In gam ɗin na ƙwarai ne ba zai saki ba. In ya ɗaye, na ƙofar ɗaki ne."

"Ai na shafa wa jirgin fenti har sau uku."

"Fuska ka shafa. Bakin da zarto ya ci fa? Ta nan ruwa ke shiga, ɗana."

Tsohon ya sa farce a bakin guntun, falle ɗaya ya tashi.

"Kada jirgin nan ya taɓa ruwa."

"Baba, ƙanena ya fita da shi tun safe. Da mutum tara."

"To, tsayuwar me kake yi a nan?"