Rigar Juma'a da Bandar Kifi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara mai bandar kifi, daga Yelwa.

Bayan na ji darasin Malam a wannan shiri, na sa hoton kifina a kasuwar intanet, suka ƙi karɓa, wai sai an ɗauka a kan farin abu, cikin haske. Zan sayo farin yadi, Inna, uwar mijina, ta ce ba mai shigo mata da likkafani gida. Sai maigidana ya shimfiɗa farar rigarsa ta Juma'a a tsakar gida, muka jera kifin. Hoto ya karɓu, yanzu har daga Kwantagora ake kirana.

Malam, Allah ya saka maka da alheri. Masu sauraro, don Allah me ke fitar da ƙarnin kifi daga shadda? Maigidana, bawan Allah, a sahun baya yake sallah yanzu.