Hannun da Aka Daina Karɓa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni manomi ne a Tsafe. Shekara ashirin ina zama majalisin zikiri duk yammacin Juma'a. Al'adarmu, in an shafa fatiha, kowa ya bi sahu ya ba kowa hannu.

Bana ɗiyata Hafsatu ta gama firamare. Makarantar mata zalla da ta samu tana Gusau, ni kuwa hankalina bai kwanta da hanyar nan ba. Sai na sa ta makarantar garinmu, inda maza da mata ke aji ɗaya.

Juma'ar da ta biyo, na miƙa wa Alhaji Bala, abokina tun muna yara, hannu. Ya sa nasa a aljihu, ya ce, "Wanda ya cakuɗa ɗiyarsa da maza ba namu ba ne."

Sauran 'yan majalisin ma suka ƙi karɓar hannuna. Amma Malam, tasa ɗiyar tana tallan gyaɗa a bakin titi, tsakanin direbobi, ba mai tsawatarwa. Wannan ba cakuɗa ba ce?

Wata uku ke nan ina zikirina ni kaɗai a zaure. In na shafa fatiha, hannuna kan miƙe da kansa, ba mai karɓa.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in cire ta in koma cikin 'yan uwana? Ku sani ban iya boko ba, Hafsatu ce ke rubuta mani wasiƙar nan. Da muka zo wannan tambayar, ta daɗe riƙe da biro kafin ta rubuta.