Ranar da Aka Kama Mama a Madadina

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, mai ceton wanda bai cancanta ba. Ku yabi Ubangiji! A'a, wannan Halleluyar ta yi sanyi, kamar ba ku karya ba. Ku yabi Ubangiji!

Yawwa. Sunana Ishaya. Masu bin titin Nima sun san shagona na kwantena mai shuɗin fenti. Shekara shida aikina lodi: waƙa, fim, manhajar kwamfuta da aka fasa mata makulli. Ka kawo wayarka fayau, ka tafi da ita cike. Ban taɓa neman izinin mai waƙa ko mai manhaja ba, kuma ban taɓa kiran abin sata ba. Cewa nake yi taimakon talaka nake. Ranar Lahadi kuma ni ne a gaba a coci, ina kaɗa ganga!

Da na ƙara wayewa, sai na buɗe ma'ajiya a intanet, irin wadda ake ce wa gajimare. Ka zuba kayanka a can, ka tura wa mutum linki, ya buɗe ko yana Kumasi. Ya biya ta waya, shi ke nan. Har kirari nake yi wa kaina, ina cewa wa zai kama wanda shagonsa ba ya ƙasa?

To, ga inda na tafka kuskuren. Lokacin da aka ce kowa ya yi wa layin wayarsa rajista da katin ɗan ƙasa, nawa katin bai fito ba. Kun san yadda muke yi a Zango, kowa sai ya ari na wanda ke da shi. Na ja Mama, mahaifiyata, mai sayar da koko da ƙosai a Maamobi, ta je ta dangwala yatsa. Layin yana aljihuna, sunan nata ne. Da shi na buɗe ma'ajiyar, da shi ake biyana.

Akwai wata mawaƙiyar bishara 'yar Adabraka, Anti Akosuwa. Ta fitar da sababbin waƙoƙi, na sayi kwafi ɗaya, kafin mako ya zagayo na watsa su ko'ina. Sau biyu lauyanta yana turo saƙo cewa in sauke su, haƙƙin mallaka ne, akwai doka. Na karanta wa abokaina muka sha dariya. Dariya, 'yan'uwa!

Wata safiyar Talata ina buɗe kwantena, sai ga wayar Alhaji Sani, mai gidan da muke haya. Ya ce, "Ishaya, kana ina? 'Yan sanda sun tafi da uwarka. Ga ƙosai can a mai, sai da maƙwabciya ta sauke."

Kun san abin da na yi? Zan faɗa, ko da kunya za ta kashe ni. Guduwa na yi! Na kashe waya, na hau torotoro, motar hayar nan tamu, zuwa Kawukudi, na shige bayan shagon wani abokina mai gyaran firji. Ƙato da ni, na tsuguna tsakanin matattun firji. Uwata tana hannun hukuma, ni kuma ina lissafin motar da za ta kai ni Bawku, can ƙarshen arewa.

A nan na buɗe baki zan yi addu'a. Na ce, "Ya Ubangiji, ka fitar da Mama." Maganar ta maƙale. Na sake, ta sake maƙalewa. Sai na ji a zuciyata sarai: wa ya sa ta a ciki? Na faɗi a gwiwa a kan simintin nan, na fashe da kuka. Na ce, "Yesu, ni ɓarawo ne. Ni ne. Ka ba ni ƙafar da zan je in faɗa." Ina gama faɗin haka na miƙe tsaye, na kama hanya. Halleluya!

Da na isa ofishin 'yan sanda, Alhaji Sani yana tsaye yana neman belinta, Allah ya saka masa. Mama tana kan benci, zaninta duk ƙullun ƙosai. Ashe tun safe take ce musu ita ce mai laifin! Wani ɗan sanda ya ce mini ya miƙa mata kwamfuta ta kunna, ta riƙe ta a kife kamar faranti, amma ta nace ita ce.

Tana ganina ta zaro ido, ta ce, "Wannan yaron ban san shi ba. Ku kore shi."

Na ce, "Ofisa, ɗanta ne ni. Layin yana hannuna, ga shi. Ko sunanta ba ta iya rubutawa."

Suka sallame ta, suka riƙe ni. Da rana Anti Akosuwa ta zo da lauyanta. Ni da nake zaton wata hamshaƙiya ce mai mota, sai ga mace da tsohon takalmi, ta sauko daga torotoro kamar kowa. Ta ce shekara uku ta yi a kan waƙoƙin nan. Lauyan ya ce kotu za mu, kuma laifin yana iya kai mutum kurkuku. Ban yi musu ba, na ce duk abin da suka ce haka ne.

Mama ta ƙi tafiya gida. Anti Akosuwa ta dube ta, ta ce, "Mama, me ya sa kika ɗauki laifin da ba naki ba?" Mama ta ce, "'Yata, ni na tsufa. Shi bai yi aure ba tukuna."

Matar nan ta juya baya tana share ido. Can ta ce wa lauyanta a sasanta. Sharaɗi biyu: in goge komai a gabansu, in kuma sanar da duk masu saye a wurina cewa abin da nake yi sata ne. Aikin shekara shida, da yatsana na goge shi, ina murna kamar an ba ni kyauta! Yanzu gyaran waya nake yi, waƙa kuwa sai wadda mai ita ya ba ni izini a rubuce.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na hau motar Bawku ba. Da na hau, da yanzu ina yawo a waje, uwata tana ciki. Kai da ke zaune nan da abin da ka ɓoye da sunan wani, kada ka jira a ɗauke mutumin a madadinka. Ka faɗa wa Ubangiji gaskiya, ka dogara gare shi, zai ba ka ƙarfin zuwa.

Mama, ga ki can a baya kina ɓoye fuska da ɗankwali. Tun ranar nan kika hana ni tayar da maganar, kika ce ya wuce. A wurina bai wuce ba. A gaban Allah da jama'arsa, ki gafarta mini.

Ta ɗaga hannu! Kun gani? Ta ɗaga hannu! Ku yabi Ubangiji!